Wai yanzu mamaki ma ƙauyanci ne?

To masu wayewa, sannunku da aiki. Dattijo ya tsaya yana kallon husufin wata har hawaye ya zubo masa, ku kuma kun kwana kuna yawo da bidiyon kuna ƙyaƙyata dariya. Wai Baba bai taɓa ganin wata ba. Ku da kuka saba gani, me kuka gani? Ko kai ba ku ɗaga ba, a waya kuka leƙa, kuka ja da yatsa kuka wuce.

Har da mai zuwa yi mana lacca, wai ai kimiyya ta gama bayani, inuwar duniya ce kawai. Kawai! Malam, an gode. Tsakaninmu da wata akwai kusan kilomita 384,000, amma inuwar ƙasar nan da kake takawa ta kai can ta lulluɓe shi. Jan da ya yi kuwa, hasken rana ne ya ratso iskar da ke kewaye da duniya, ta watsar da shuɗin, ta karkata jan zuwa kansa. Iskar da kake shaƙa ita ta rina wata. Ka san duk wannan amma tsigar jikinka ba ta tashi ba? To hadda ka yi.

Na faɗa, zan kuma: mutumin da ya daina mamaki kansa ne ya cika masa ido. Abin da mamaki ke yi wa ɗan Adam ke nan, ya sauke masa girman kai. A Jami'ar Berkeley ta Amurka an sa wasu ɗalibai kallon dogayen bishiyoyi na minti 1, wasu kuma kallon gini, sai aka zubar da alƙaluma a gabansu kamar bisa kuskure. Masu kallon bishiya sun fi taya tsincewa. A wani binciken na 2020, tsofaffi sun riƙa fita tattaki na minti 15 duk mako, har mako 8, suna neman abin da zai ba su mamaki. Damuwarsu ta ragu, a hotunan da suke ɗaukar kansu kuma fuskarsu ta riƙa ƙanƙancewa, sarari yana ƙaruwa. Masu hoto ashirin a wuni, da ku nake.

Kar wanda ya zo min da zancen rayuwa ta yi tsanani. Ko sisi ba a biya kafin a ɗaga kai. Wallahi tausayinmu nake ji. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana ba tare da ta nemi izininmu ba, jariri ya damƙe maka yatsa da ɗan hannunsa, tururuwa ta ja abin da ya ninka ta nauyi, duk mun bi ta kai mun wuce don kar a ce ba mu waye ba.

Af, ku kuma masu ɗora kiɗa a kan kowane bidiyo, har na ruwan sama, don Allah ku ƙyale mana ƙarar ruwan. Wa ya ce muku ba ta isa ba?