Guyash ɗin da na dafa wa Neni

Laifin shanu ne. Da ban ga shanun Hortobaj ba, da har yau ina nan ina cin taliyata da ƙwai cikin rufin asiri.

Wata 4 da zuwana karatu Debretsen a ƙasar Hungari muka fita yawon buɗe ido zuwa wannan fili, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ba tudu ba dutse. Can na ga shanunsu masu launin toka da ƙahoni zara-zara, sai ka rantse daga rugar Fulani aka koro su. A gefe wani dattijo mai gashin baki ya rataya tukunyar ƙarfe a kan wutar itace, bogirac suke ce mata, yana juya wani jan romo. Aka ce mana wannan shi ne guyash, wanda duniya ke kira gulash, kuma asalin kalmar makiyayin shanu take nufi. Ban ci ba, don an ce da kitsen alade aka soya albasar. Ƙamshi kawai na shaƙa, na leƙa tukunya, na ga nama da dankali da karas. Na ce a raina, ashe farfesu ne ya samu biza.

Wannan rainin ne ya kai ni ga cika baki a gaban maƙwabciyata, wata tsohuwa da muke kira Neni, wato kamar a ce Gwaggo. Da guntun Turancinta da nunin hannu na, na gayyace ta ranar Lahadi ta zo ta ci guyash ɗin Bakatsine. Ta yi murmushi, ta ɗauko takarda ta rubuta mini yadda ake yi. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa tana kaɗa yatsa: idan za ka zuba garin paprika, sauke tukunya daga wuta. Na ce to, irin "to" ɗin da yaro ke ce wa malamin allo.

Asabar na samo naman ƙwauri kilo 1 a shagon da ke sayar da na halak, na roƙi mai shagon ya ƙara mini kitsen saniya. Daga nan na shiga kanti neman paprika, wato garin jan tattasai busasshe. Fakiti biyu na tarar, duk ja, duk da hoton tattasai. Ɗaya an rubuta édes, ɗaya csípős. Na ɗauki na biyun don ya fi kama da sunan abin arziki. Sai daga baya na san na farkon yana nufin mai zaƙi, na biyun kuma mai yaji, kuma cokali 3 da Neni ta rubuta na mai zaƙin take nufi.

Lahadi da hantsi na narka kitse, na zuba manyan albasa 3, suka yi laushi. Har nan ko Neni ba za ta kushe ni ba. Da aka zo kan paprika sai ilmina na gida ya motsa. Ni da na tashi ina ganin Umma tana soya kayan miya har mai ya taso sama, wace ce za ta ce mini in sauke tukunya? Ai gafi zai yi. Na ƙara wuta, na antaya cokali 3, na ga kamar bai yi ja ba na ƙara na huɗu.

Jama'a, garin nan yana da suga a jikinsa, kuma ba ya jure zafin mai. Kafin in ajiye cokali ya tashi daga ja ya koma launin ƙasa, ya zarce baƙi. Wani hayaƙi ya turnuƙe, ya shaƙe ni a maƙogwaro. Na fara tari, na koma atishawa, hawaye da majina kowa ya kama hanyarsa. Na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin ta ɓarke da ihu. Abokin zamana, mutumin Zariya, ya fito daga ɗaki da gajeren wando, fasfo a hannu.

"Mutumina, 'yan sanda ne suka harba barkonon tsohuwa?"

Muka buɗe tagogi a tsakiyar Disamba. Sanyin da ya shigo sai da ya sa kitsen da ya ɗiga a kan tebur ya daskare nan take.

Mai hankali da ya zubar ya sake sabo. Ni kuwa na tuna kuɗin naman, na jefa shi ciki, na tsuga ruwa, na rufe. Bayan awa 1 na ɗanɗana. Ɗaci kamar maɗaci, sannan yaji ya biyo baya ya kama harshe. Na jefa dunƙulen Maggi 2. Bai ji ba. Na zuba suga. Nan ne fa garin neman gira na rasa ido, don yanzu abin ya haɗa ɗaci da yaji da zaƙi, kowanne yana cin gashin kansa. Na kira Umma ta bidiyo na haska mata tukunyar. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan aka tura ka ka koyo? Zuba 'yar kanwa."

Ba ni da kanwa, kuma na gode wa Allah da ba ni da ita.

Saura cipetke, wato ƙullin fulawa da ƙwai da gishiri da ake tsunkulowa ƙanana-ƙanana, kamar ƙwayar wake, a jefa a romo idan dankali ya kusa nuna. Da na karanta bayanin sai na ce ai ɗanwake ne, nan kuma gidana aka zo. Na rinƙa gutsurowa da girman ɗanwaken gidanmu ina jefawa. Suka kumbura, suka shanye romon kaf, suka taso sama suna kallona. Shi guyash a wurin mutanen Hungari romo ne da ake sha da cokali. Idan ya yi kauri ya koma wani abincin da suke kira porkolt. Nawa ya wuce su duka, cokali na tsayawa a cikinsa ba tare da an riƙe ba.

Ƙarfe 2 Neni ta ƙwanƙwasa, ta ci ado, riƙe da burodi. Tun daga bakin ƙofa ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba ka sauke tukunya ba." Ban yi musu ba. Ta zauna, ta kai cokali ɗaya baki don kara. Fuskarta ta yi ja fiye da yadda girkin ya kamata ya yi. Ta sha ruwa kofi biyu, ta nemi in nuna mata fakitin. Da ta ga rubutun sai ta dafe kai. Ta zaunar da ni ta yi mini huɗuba a kan paprikar garuruwan Seged da Kaloca, da yadda masanin nan nasu Albert Szent-Györgyi ya tace sinadarin bitamin C daga tattasan Seged, ga shi ya ci kyautar Nobel a 1937. Wato wani ya taɓa abin nan ya samu lambar yabo ta duniya, ni na taɓa shi na tayar da bene guda.

Burodinta muka ci da shayi. Da za ta tafi ta sa fakitin csípős ɗin a jakarta, kamar yadda ake ɗauke wuƙa daga gaban yaro.

Tukunyar kuwa ba ta yi asara ba. Bazazzagin nan ya tuƙa tuwon semo da daddare, ya ɗebi abin ya ƙara masa ruwa da yajin daddawar da ya taho da shi daga gida. Kwana 3 yana ci yana gumi. Jiya ma sai da ya tambaye ni yaushe zan sake yin miyar nan ta Turawa.