Faifan da Babu Komai a Cikinsa

Ƙannena, musamman ku da Allah ya ba wata baiwa har aka fara nuna ku da yatsa a unguwa, ku ba ni aron kunnuwanku mu yi magana a kan wani saurayi ɗan Amurka mai suna JaMarcus Russell. Da yawanku ba ku san shi ba, wasan da ya buga ma ba irin namu ba ne. Amma Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma ban san wani labari a duniyar wasanni da ya fi nasa nuna yadda baiwa ke ruɓewa a hannun mai ita ba.

Ƙwallon da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, da hannu ake yawan buga ta, ana sanye da hular kwano ana karo da juna kamar za a karya ƙashi. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. Su ba sa cinikin yara daga makarantun horaswa yadda ake yi a Turai. Duk shekara akwai ranar da ƙungiyoyi ke zama su zaɓi samarin da suka yi fice a jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ake ba zaɓin farko. Saboda haka duk wanda aka kira sunansa na ɗaya, ya san gidan da ya rushe za a kai shi, kuma shi ake jira ya ɗaga shi.

A watan Afrilun 2007 ƙungiyar Oakland Raiders ta jihar Kalifoniya ce ke da wannan zaɓi, domin a kakar 2006 wasa 2 kacal ta ci a cikin 16. Ta ɗauki Russell, haifaffen garin Mobile a jihar Alabama, yana da shekara 21. Dogo ne ƙaƙƙarfa, tsayinsa ya kusa mita biyu, kuma masana wasan da yawa sun ce ba su taɓa ganin hannu mai ƙarfin jifa irin nasa ba. Watanni kaɗan kafin nan ya jagoranci jami'arsa, LSU ta jihar Luwiziyana, ta lallasa jami'ar Notre Dame da ci 41 da 14 a wasan Sugar Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙarshen kaka na jami'o'i, aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Wanda aka kira bayansa a matsayi na biyu shi ne Calvin Johnson, wanda a 2021 aka shigar da sunansa zauren gwarazan wasan na har abada. Ku riƙe wannan a ranku: an ga Russell ya fi irin wannan mutumin daraja a ranar.

Rigima ta fara tun kafin ya taɓa ƙwallo. Wakilansa da ƙungiyar suka kasa daidaitawa a kan kuɗi, shi kuma ya ƙi zuwa sansanin atisaye har sai an biya abin da yake so. Aka yi ta ja har aka shiga watan Satumba, kakar wasa ta riga ta fara, sannan ya sa hannu a kwantiragin shekara shida wanda ya haura dala miliyan 60, fiye da miliyan 30 daga ciki tabbatattu ne, ko ya yi abin kirki ko bai yi ba. Ni ban ga laifin mutum ya nemi haƙƙinsa ba. Wasa ne da ke iya nakasa mutum a rana ɗaya, kuma masu ƙungiyoyin ba mabarata ba ne. Abin da ke damuna shi ne abin da ya bayar a madadin kuɗin: makonnin da sabon ɗan wasa ke koyon aiki, ya saba da abokan wasansa, su ma su saba da muryarsa, duk sun wuce yana gida. Ya shigo cikin mutanen da suka sha rana suka yi gumi tare, shi ne mafi yawan albashi, kuma shi ne mafi ƙarancin sanin abin da ake ciki.

Matsayin da yake bugawa shi ne na jagoran hari, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya jefa. Aikin nan rabinsa a ka yake. Akwai littafin dabaru mai kauri da dole ya haddace, akwai hotunan bidiyon abokan karawa da zai zauna ya kalla sa'o'i da yawa a mako, ya gane in mai tsaron baya ya matso taki biyu me ake shirya masa, domin a fili daƙiƙa uku kawai yake da su kafin ƙarti su danne shi. Abin ya yi kama da hadda a makarantar allo. Yaro yana iya zama mai zaƙin murya wanda in ya ja baƙi kowa sai ya tsaya, amma ranar da malam ya kife allon ya ce biya, murya ba ta ceton wanda bai yi tilawa da asuba ba.

A nan ne labarin faifan ya shigo, wanda tsofaffin 'yan wasa suka sha bayarwa a rediyo da talabijin. Masu horar da shi sun fara zargin ba ya kallon bidiyon da ake ba shi ya tafi da shi gida. Sai wata rana suka miƙa masa faifai suka ce ga dabarun da za a yi amfani da su, ka je ka duba, gobe ka faɗa mana waɗanda suka kwanta maka. Washegari ya zo ya ce ya kalla, har ya yi bayanin abin da ya gani. Faifan kuwa babu komai a cikinsa, da gangan suka ba shi fanko.

Ku tsaya ku yi tunanin ɗakin nan. Dattawa masu furfura, waɗanda abincin iyalansu ya rataya a kan nasarar wannan yaro, suna kallon juna, sun san abin da suka ba shi, shi kuma yana ta zuba. Babu wanda zai daka masa tsawa, don ya fi su albashi nesa ba kusa ba. Amma daga wannan safiya duk abin da ya fito daga bakinsa sai an auna shi. Da ya ce, wallahi koci jiya ban samu na duba ba, da faɗa kawai zai sha, a wuce wurin. Ƙaryar da ya yi don ya kauce wa kunyar minti biyar ita ce ta bi shi har yau, ta zama abin da ake fara tunawa in an ambaci sunansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya fi ka daɗewa a sana'a yakan san amsar tambayarsa tun kafin ya yi maka ita.

Adalci ya sa in faɗi nasa ɓangaren. Bayan shekaru, da ya buɗe baki, ya nuna ɓacin ransa cewa me zai sa mutanen da aka ɗauka su koya masa aiki su koma ɗana masa tarko. Yana da hujja a nan. Raiders ta wancan lokacin gida ne da babu zaman lafiya. Mai ƙungiyar, Al Davis, shi ya nace a ɗauke shi. Da ya kori koci Lane Kiffin a watan Satumban 2008, ya tara 'yan jarida ya faɗa a bainar jama'a cewa Kiffin tun farko bai so a ɗauki Russell ba. Wato yaron ya shafe shekararsa ta farko a ƙarƙashin mutumin da bai yi imani da shi ba. Sannan a 2009 kawunnansa biyu da suka tsaya masa tun yana ƙarami suka rasu a cikin 'yan watanni, ciki har da wanda ya fi kowa kusanci da shi, kuma ya ce bai ga wanda ya damu da halin da zuciyarsa ke ciki ba. Duk wanda ya taɓa binne wanda ya rene shi ba zai raina wannan ba. Ina tausaya masa ƙwarai.

Sai dai, ƙannena, uzuri ko da na gaskiya ne ba ya yi wa mutum aikinsa. A 2008 ya nuna alamar zai iya: ya yi jifan ci 13 (jifan da abokin wasa ya cafke aka samu maki), abokan karawa suka ƙwace masa jifa 8, ƙungiyar ta ci wasanninta biyu na ƙarshe. Wannan ne lokacin da ya kamata ya ɗaure ɗamara. Maimakon haka ƙiba ta yi ta ƙaruwa, ana ta maganar makara da rashin maida hankali. A 2009 jifan ci 3 kawai ya yi, aka ƙwace masa 11, fiye da rabin jifansa ba sa isa hannun abokan wasansa. A watan Nuwamba koci Tom Cable ya zaunar da shi a benci ya sa Bruce Gradkowski, ɗan wasan da babu wanda ya yi wa kallon tauraro, sai ga 'yan wasan sun farfaɗo suna buga wasa da zuciya. Wannan ya fi kowace ƙididdiga ciwo: abokan aikinka su fi son wanda bai kai ka baiwa ba, saboda shi sun yarda da shi. A watan Mayun 2010 aka sallami Russell yana da shekara 24. Wasanni 25 ya fara, ya ci 7, aka ci shi 18. Ƙungiyar ma ta shigar da ƙorafi tana neman ya maido da dala miliyan 9.55 daga kuɗin da ta ba shi tun kafin lokaci. Waɗanda suka rungume shi a gaban kyamara shekara uku da suka wuce, su ne suka koma magana da shi ta bakin lauyoyi.

Bayan wata biyu 'yan sanda suka kama shi a gidansa na Mobile da maganin tari mai kodin ba tare da takardar likita ba. Ba a kai ga gurfanar da shi ba, an saki maganar, amma shi da bakinsa ya amsa cewa ya sha, har gwaji ya taɓa nuna shi a jikinsa. A wannan gaɓar labarin ya daina zama na Amurka kaɗai. Kwalbar nan mun san ta. Mun ga fankonta a kwatami da bayan makarantu, mun ga saurayi zaune a dakali ido a lumshe, ana yi masa magana yana amsawa kamar daga cikin rijiya. Sai da binciken BBC ya tona yadda ake safarar ta a 2018 kafin gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba zan ce kodin ne kaɗai ya kashe wasan Russell ba. Amma ku duba aikin da ake nema a wurinsa: kaifin ƙwaƙwalwa, saurin yanke shawara, tashin sassafe. Ku duba kuma abin da kwalbar ke yi wa mai shanta. Duk wanda ya ce muku tana rage damuwa, ku tambaye shi me ta bar masa. In baƙin ciki ya danne ka, ka nemi babba ka faɗa masa, ka je wurin likita, ka kai kukanka ga Ubangijinka. Babu abin kunya a namiji ya ce zuciyata ta yi nauyi.

Na san a cikinku akwai wanda ake kira Messi ko Ronaldo a filin unguwa, wanda wani wakili ya riga ya karɓi lambarsa ya ce zai kai shi gwaji waje. Akwai wanda ya fito da sakamako mafi kyau a makarantarsu, akwai wanda maigida ya zaɓa a cikin yara goma ya damƙa masa mabuɗin shago, akwai wadda aka ɗauka aiki ana cewa ba a taɓa ganin mai kai irin nata ba. Ina roƙonku, ku ɗauki ranar da aka zaɓe ku a matsayin ranar da kuka ci bashi. Mutanen da suka nuna ku sun sa sunansu da dukiyarsu a kan abin da ba ku yi ba tukuna. Ku riga kowa zuwa. Abin da aka ce ku karanta, ku karanta shi ko da babu mai dubawa. In ba ku yi ba, ku ce ban yi ba. In ba ku gane ba, ku tambaya, ko da wanda za ku tambaya bai kai ku albashi ba. In kuma gidan da kuka faɗa na rigima ne, shugaba ba ya son ku, to ku gyara aikinku yadda ko an kore ku wani zai yi rububin ɗaukar ku. 'Yan wasa nawa ne suka gaza a ƙungiyar farko wata ta ba su dama? Russell bai samu wannan ba, domin labarin da ya riga shi isa ko'ina shi ne ba ya son aiki.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba. A 2011, da aka sake yarjejeniya tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, aka sa iyaka ga abin da sabon shiga zai karɓa, kuma sunan Russell na cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su. Sam Bradford, zaɓin farko na 2010, ya samu tabbacin dala miliyan 50. Cam Newton, zaɓin farko na 2011, dala miliyan 22 ya samu. Yaran da ba su taɓa haɗuwa da shi ba sun biya wani ɓangare na kuɗin sakacinsa. Haka abin yake a wurinmu: in aka ɗauki ɗan unguwarku ya ci amana, ƙannensa ne za su je neman aiki a ce musu a dawo gobe.

Daga baya ya farka. A 2013 ya shiga horo mai tsanani, ya sauke ƙiba sosai, har ƙungiyar Chicago Bears ta kira shi gwaji, amma ba ta ɗauke shi ba. A 2016 labari ya fito cewa ya rubuta wa dukkan ƙungiyoyin NFL wasiƙa yana roƙon a ba shi dama, ya ce a shirye yake ya buga shekara guda kyauta, ko da a matsayin mai taya manyan 'yan wasa atisaye ne. Hannun yana nan da ƙarfinsa, shekarunsa 30 kacal, yanzu kuma yana son aikin da gaske. A cikin ƙungiyoyi 32 babu ko ɗaya da ta ɗauke shi.