Tsutsar dusa a ɗakin gwaje-gwaje ba tsutsar ƙazanta ba ce

Wasu iyaye a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas suna nuna damuwa idan suka ji cewa malamin ilimin halittu ya kawo tsutsar dusa ɗakin gwaje-gwaje, domin sun ɗauka irin tsutsar da ƙuda ke haifarwa ce a ruɓaɓɓen nama ko bola. Damuwar tasu tana da tushe, amma an haɗa halittu biyu da ba su da dangantaka ta kusa.

Tsutsar dusa ɗiyar wani baƙin ƙwaro ce, dangin buzuzu, wanda masana ke kira Tenebrio molitor. Duk wanda ya dube ta da gilashin ƙara girma zai ga ƙafafu 6 kusa da kanta, alhali tsutsar ƙuda ba ta da ƙafa ko ɗaya, haka ma tana. Abincinta busasshiyar dusa ne, sai ɗan yankin karas ko dankali da take samun ruwa daga gare shi, kuma ba ta cizo.

Amfaninta ga ɗalibi babba ne, domin a cikin roba guda zai bi matakai 4 na rayuwar ƙwaro da idonsa: ƙwai, da tsutsa mai saɓa fatarta sau da yawa, da matakin da take kwanciya ba ci ba tafiya, sannan cikakken ƙwaro, wanda yake fitowa da launi mai haske kafin ya yi duhu. A ganina zanen allo ba zai taɓa koyar da wannan ba.

Abin kiyayewa a Legas shi ne danshi, wanda yake sa dusa ta yi fumfuna da sauri, don haka wajibi ne a huda murfin robar, a riƙa sauya karas, kuma ɗalibai su wanke hannu bayan darasi.