Adadin da ba ya cimmuwa sai da ha'inci

Wani marubuci ya ce idan shugaba ya yawaita tuna wa ma'aikatansa manufar aiki, matsin cika adadin da aka yanka musu ba zai ɓata su ba, amma ina da ja a kan wannan. Bankin Wells Fargo na Amurka bai rasa daɗaɗan kalamai kan hidimar abokan hulɗa ba, duk da haka a shekarar 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185, bayan an gano cewa ma'aikatansa sun buɗe wa mutane asusu da katunan bashi kimanin miliyan 2 ba da saninsu ba, don kawai su cika adadi. An sallami ma'aikata kusan 5,300. Ma'aikaci yana lura ne da abin da ake titsiye shi a kai a taron safiyar Litinin, da kuma wanda ake ƙara wa girma. Wani mai sharhi kuma ya kira rage adadi lalaci; tambayata gare shi ita ce, shin wane shugaba ne zai iya tunkarar na sama da shi, ya ce adadin nan ba zai cimmu ba sai da ha'inci, sannan ya tsaya wa mutanensa?