Hular X a Teburin Mai Shayi

(Bayan isha'i a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Ɗan Boko ya baje tsoffin tambayoyin JAMB kusa da gwangwanin madara. Ticha, tsohon malamin lissafi, yana hura shayinsa. Ci-Bashi na gefen benci yana jiran a tuna da shi.)

ƊAN BOKO: Baba Ticha, wannan tambayar kam wajen bugawa aka yi kuskure.

TICHA: Duk wadda ta fi ƙarfinku laifin mai bugawa ne. Karanto mu ji.

ƊAN BOKO: Wai x mai ƙaramin 3 a ka bai kai x mai ƙaramin 2 ba, shi kuma mai 2 bai kai x tsuransa ba. Wai wanne ne x: 2, ko rabi, ko mainos 2, ko 1?

MAI SHAYI: Shi wannan x ɗin ɗan wace unguwa ne?

TICHA: Lamba ce da ta ɓoye sunanta, kamar Ci-Bashi ran da ka buɗe littafi. Ƙaramin 2 ɗin nan na nufin x sau x. Ƙaramin 3, x sau x sau x.

MAI SHAYI: Ka ce hula ce kawai. Mai 3 ya kafa zanna, mai 2 ƙube, na ƙarshen kai ba hula. Ai mai zanna ne babba.

ƊAN BOKO: Yauwa! Abin da na ce ke nan. In x 2 ne, ƙube 4, zanna 8. Ta ina 8 zai gaza 4?

TICHA: Wa ya ce maka lambobin duniya daga 2 suka fara? Gwada 1.

ƊAN BOKO: 1 sau 1 sau 1... 1 ne.

TICHA: Ko rawani ka naɗa masa, 1 ne. Haka sifili. Mai Shayi, miƙo biredin nan. Raba shi biyu. To, wannan rabin shi ne x. Rabi sau rabi, wato rabin rabi. Yanka.

MAI SHAYI: Kwata ke nan.

TICHA: Ka ga ƙube. Sake raba kwatan.

MAI SHAYI: Haba Malam, wannan ai ko yaro aka ba shi sai ya yi kuka.

TICHA: Ga zannarka nan, 1 bisa 8. Masu rabon gado sun daɗe da saninsu: nusufi, rubu'i, tumuni. Ka taɓa jin tumunin takaba ya fi rabin gado? Duk lambar da ke tsakanin sifili da 1, in hularta ta ƙaru, ramewa take yi.

ƊAN BOKO: Ashe amsar rabi ce!

MAI SHAYI: Amsa ta fito. Saura wanda zai biya biredin.

TICHA: Rubuta shi a kuɗin makarantar yaron. Kai kuma saurara. Tambaya 180 za a ɗora maka a kwamfuta, awa 2, kowace ɗaya daƙiƙa 40 ke nan. Ba lokacin dogon lissafi. Ka jefa 2, ka jefa 1, ka jefa rabi, ka jefa sifili, sannan ka tsallaka ƙasa ka gwada masu mainos. Duk zaɓin da ya faɗi ko sau ɗaya, watsar da shi.

CI-BASHI: Ranka ya daɗe, mene ne mainos?

TICHA: Bashi.

CI-BASHI: To a yi a hankali, an zo fannina.

TICHA: Mainos 2 sau mainos 2, 4 ne cif, mainos ya ɓace.

CI-BASHI: (ya miƙe tsaye) Sake faɗa, jama'a su shaida. Bashi sau bashi...

TICHA: Tsaya, ba haka...

CI-BASHI: Mai Shayi, nawa kake bi na?

MAI SHAYI: Dubu 2, tun azumi.

CI-BASHI: Sa masa ƙube! Yanzu ni ke bin ka dubu 4. Ban matsa maka ba, ka biya da Indomie da ƙwai.

TICHA: Bawan Allah, naira ba ta ninka naira. Misali na yi.

CI-BASHI: Mu dai ilimi muka bi. Ko JAMB ɗin ma ƙarya take yi?

MAI SHAYI: An ce Katsinawa kunya gare mu, ba tsoro ba. Kai ko kunyar ba ka gada ba. Malam, in an sa wa mainos 2 zanna fa?

TICHA: Lissafa, ɗan jami'a.

ƊAN BOKO: Mainos 2 sau mainos 2, 4. Sau mainos 2 kuma... mainos 8. Hula 2 ko 4 na wanke mainos, 3 ko 5 na dawo da shi.

MAI SHAYI: Alhamdu lillahi. Dubi kansa, jama'a. Me ya kafa?

ƊAN BOKO: Zanna.

MAI SHAYI: Dubu 8.

CI-BASHI: (ya tuɓe hular, ya cusa a aljihu) Ta aro ce. Mu koma dubu 2 ɗin, zumunci ya fi lissafi.

MAI SHAYI: Allah ya nuna mana ranar.

CI-BASHI: Amin. Kafin nan, a taimaka da ko rabin kofi ne, in jiƙa maƙogwaro.

MAI SHAYI: Rabin kofi. Da wace hula?

CI-BASHI: Ji tambaya! Ni ƙaramin mutum ne? Zanna mana.

ƊAN BOKO: Kawu, kada ka...

TICHA: Ƙyale shi, jarrabawarsa ce.

(Mai Shayi ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya abin da ko gindin kofi bai gama rufewa ba, ya tura masa.)

CI-BASHI: Wannan fa?

MAI SHAYI: Tumuni. Sha a hankali, da zafi.