Ranar da girma ya faɗi a gangaren Cee

Tun da ƙanena ya riga ya tura wa rabin dangi bidiyon, bari in faɗi nawa kafin a gama yi mini sharri.

Kun san na je Sifaniya duba shi, kun kuma san ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya ce mu taka hanyar masu ziyara da ta tashi daga Santiyago zuwa Finistere a bakin Tekun Atlantika, wajen kilomita 90. Kiristoci kan je Santiyago ziyarar kabarin da suka yi imani na Yakubu ne, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, wasu in sun gama sai su zarce har inda Romawan dā suka ɗauka nan ne ƙarshen duniya. Mu yawo ya kai mu. Na ce a ba ni zangon ƙarshe kawai, kilomita 30 da 'yan kai. Muka kwana a ƙauyen Olveiroa, gado bisa gado, wani bawan Allah na minshari kamar injin niƙa.

Da asuba ya miƙo mini sanda. Na ce, "Ni za ka ba sanda? Kai wa tsofaffi." Ya ce, "Yaya, akwai gangare a gaba fa." Na ce lokacin da nake tafiyar ƙasa kana goye. Na kuma sa sabon wandona mai kama jiki, wanda na saya musamman don hoto. Ku riƙe waɗannan biyun.

Hanyar kam ba laifi. Kibiya rawaya a jikin duwatsu, hoton ɓawon wani naman ruwa mai kama da mafici, rumbunan dutse a kan dogayen ƙafafu don kada ɓera ya hau, shanu, yayyafi, da manyan fankokin lantarki a kan tudu. Abin da ya ba ni haushi shi ne turakun da ke nuna nisa. Har mita suke rubutawa. Ka yi tafiya har ka ji ranka zai fita, ka duba, ka ga ashe mita 400 ka rage.

To, sai tsohuwar nan.

A Logoso na fara ganinta. 'Yar ƙarama, kai fari fat, ta kai jikanyarta aure in dai tana da ita. Sanda biyu, jaka a baya, ta maƙala jiƙaƙƙun safa a jikin jakar da fil suna shan iska. Na wuce ta da sauri, har da ɗaga hannu irin na mai tausayi. Ta ce, "Buen Camino," gaisuwar da kowa ke yi a hanyar. Bayan rabin awa na zauna kan dutse ina mayar da numfashi, sai ga ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta wuce. "Buen Camino." Sau huɗu muka yi haka. Ba ta sauri, ba ta tsayawa, ba ta gumi. A karo na uku na yi kamar ina ɗaura igiyar takalmi. A na huɗu na yi kamar ina ɗaukar hoton saniya. Kuma murmushin nan nata, wallahi ba na Allah da Annabi ba ne. Ƙanena ya ce haka fuskarta take. Ƙarya ne, na ga yadda take kallon wasu.

Akwai wani ƙauye da ake kira Hospital. Da na ga allon na ji sanyi a raina, don bororo ya riga ya fito mini a dunduniya. Ashe suna ne kawai, ya samo asali daga masaukin masu ziyara na zamanin dā. Gaba kaɗan hanya ta rabu, dama ta yi Muxía, hagu ta yi Finistere. Daga nan kusan kilomita 15 ba kanti ba gida, sai daji da itatuwan turare da 'yan ƙananan majami'u biyu a rufe. An gaya mini in sayi ruwa da burodi. Ƙaramar gora ɗaya na saya.

Can bayan azahar muka hau ƙarshen tudu, sai ga teku shimfiɗe, ga garin Cee a ƙasa. Gajiya ta tafi nan take. Mutane kusan goma na tsaye suna kallo, har da ita. Na miƙa wa ƙanena waya na ce ya ɗauke ni ina saukowa, kamar ban san ana ɗauka ba. Na sa hannu ɗaya a aljihu. Wannan hannun shi ya cuce ni.

Taku na uku tsakuwa ta gudu daga ƙarƙashina. Ƙafar dama ta yi gaba, ta hagu ta ce ba da ita ba. Ban faɗi lokaci ɗaya ba, da ma hakan ne da sauƙi. Na yi rawa tukuna, hannu ɗaya na fifita iska, ɗayan ya maƙale a aljihu ya ƙi fita. Sannan na zauna daɓas, na ja gindi kamar mita uku. Kafin in tsaya na ji ƙyat! Daga nan sai iskar teku ta fara shiga inda ba a gayyace ta ba.

Wurin ya yi tsit. A bidiyon za ku ji wani na cewa "Yaya, sannu," hoton kuma na girgiza. Dariya ce. Ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya yana ƙasa, kai kuma kana gyara tsayuwar waya. Na ce, "Kashe abin nan!" Ya ce, "Ai kai ka ce in ɗauka."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta tsaya a kaina. Ta dube ni, ta zagaya ta dubi ɓarnar. Ba ta ce uffan ba. Ta sauke jaka, ta fara cire fil ɗaya bayan ɗaya, duk safar da ta cire sai ta miƙo mini in riƙe. Ga ni zaune a tsakuwa, magidanci mai 'ya'ya uku, riƙe da jiƙaƙƙun safar tsohuwa guda huɗu. Sannan ta yi mini alama da yatsa in tashi in juya. Na ce, "A'a, Iya, na gode, zan yi da kaina," da Hausa, don duk wani Turanci ya gudu. Ta dai ba ƙanena fil ɗin. Na duƙa na dafa gwiwa, baya ga jama'a, fuska ga teku, shi kuma ya tsugunna yana ɗinki yana shessheƙar dariya har ya soke ni sau biyu. Wani mutum ya tafa da aka gama. Shi ma ban yafe ba.

Da za ta tafi ta nuna sandarta, ta nuna ni, ta girgiza kai. "Buen Camino."

Sauran gangaren da sandar ƙanena na sauka, ina tafiya kamar ɗan kaciya. A Cee na hau bas. Daga garin Finistere zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda aka gina a 1853, inda turken ƙarshe ke nuna kilomita 0, akwai sauran kilomita 3 na hawa. Na ce a gaishe mini da hasumiyar. Shi ya je da yamma, wai ya tarar da tsohuwar zaune kan dutse tana cin tuffa, ta nuna wandonsa tana tambayata.

Fil ɗin na nan wurina, guda uku. Ɗayan ban san inda ya shiga ba.