Bulugil na Minesota da karfasar gida

Ranar da na fara ciro wannan kifin da fatsa a wani tafki kusa da birnin Miniyafolis na jihar Minesota a Amurka, na rantse karfasa ce. Ga faɗin jiki, ga ƙaya a gadon baya, duka-duka bai wuce tafin hannu ba. Sai maƙwabcina ya nuna mini baƙin tabon da ke gefen kansa, ya ce sunansa bulugil. Ashe ko dangi ba su haɗa ba.

Wajen watan Yuni, idan ruwa ya yi ɗumi, mazan sukan matso bakin gaɓa, kowa ya share gurbi da wutsiyarsa. In ka leƙa sai ka ga ramuka jere kamar tandar waina. Mace ta zuba ƙwai ta kama gabanta, namiji ne mai gadi da fifita. A nan kam karfasarmu ta fi su zuciya, domin uwar ce ke kwashe ƙwan a bakinta, ta haƙura da ci har su ƙyanƙyashe. Akwai ma wasu ƙananan maza marasa gurbi da ke rikiɗa su yi kamar mata, su kutsa cikin gurbin wani. Allah mai iko!

Kifin bai fi namu daɗi ba, ko kusa. Abin da nake kishi shi ne yadda mutanen nan suka san halinsa. Sun lura idan aka kwashe manyan maza, ƙananan sai su yi saurin balaga su daina girma, tafki ya cika da tsumburarrun da ba su isa miya ba. Shi ya sa a jihar Minesota, inda doka ta yarda mutum ya riƙe guda 20, aka rage zuwa 10 ko 5 a wasu tafkuna. Na ga dattijo ya kama ƙato ya mayar da shi ruwa, raina ya sosu, shi kuwa ko a jikinsa.

Masu kiwon kifi a gida sun san wannan ciwon, don karfasa ma haka take cika kududdufi ta tsumbure, har sai an zuba mata tarwada. Na san mai kama kifi don nishaɗi daban yake da wanda iyali ke jira da cefane. Duk da haka, masuncin da na bari yana jan gidan sauro a bakin dam ɗinmu, kifin shekara mai zuwa yake kwashewa a kwano ɗaya.